Ceɗiya a Cikin Kasko

Sai-Gobe ake ce masa a tashar manyan motoci, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai isa da kaya, ko da tafiyar rabin yini ce, amsarsa ɗaya: "Sai gobe, in Allah ya kai mu." Ba ya gudu, ba ya wuce mota a kwana, ba ya hira yana tuƙi. Shekara talatin da ɗoriya yana jan tirela, bai taɓa kayar da ita ba, bai kuma taɓa isa da wuri ba. Masu siminti da ƙarfe suna son sa ƙwarai. Masu tumatir ko gaishe shi ba sa yi.

A gidansa baƙo ne. Yakan zo ya kwana biyu, ya ci abinci, ya tambayi wane ne wancan da ya yi tsawo haka, a ce masa ɗansa ne na biyu, ya ce madalla, ya koma hanya. Uwargidansa ita ta reni 'ya'ya huɗu a saman benen wani gidan haya. Ita ta san malamansu, ita ta san wanda ke ƙarya in ya ce cikinsa na ciwo. Ta tsara zamanta tsaf ba tare da shi ba, ba don ƙiyayya ba, don dai ba ya nan.

Ranar da likitan ido ya ce masa ya karanta layin ƙasa na allon da ke jikin bango, shi kuma ya tambaya wane allo, ranar tuƙi ya ƙare. Aka yi masa aiki a ido ɗaya, aka ba shi tabarau mai kauri, aka ce ya huta. Ya miƙa makullin mota, ya dawo gida da jakar kaya, da fulas ɗin shayi, da akwatin kayan gyara.

Hutun bai karɓi kowa ba. Ya riƙa bin uwargida kicin yana nuna mata yadda ake jera tukwane, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Ya ɗaure tukunyar gas da igiya a jikin ƙafar tebur don kada ta motsa, alhali tun da aka sayo ta ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Wata safiya uwargida ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, ka sauka ƙasa ka sha iska mana."

"Ai akwai iska a nan."

"Ta ƙasa ta fi."

Ya sauka. A bayan matattakala akwai wani lungu inda 'yan haya ke jefa duk abin da suka gaji da shi amma ba su da zuciyar zubarwa: kujera mai ƙafa uku, fanka marar kai, bokitin da gindinsa ya fita, tsohuwar taya. Da yake ba shi da abin yi, sai ya hau jera su. Can ƙarshe ya tarar da wata babbar tukunyar ƙasa da ta tsage, a cikinta wani ice mai kaurin tsintsiyar hannu, toka-toka, ya karkace yana leƙen inda haske ke shigowa. A can samansa akwai 'yan ganyaye da suka yi rawaya.

Ya kama bakin tukunyar zai janye ta gefe. Ta ƙi. Ya gyara tsayuwa ya sake ja. Ko gezau. Mutumin da ya saba ɗaga tayar tirela shi kaɗai, yau tukunyar fure ta gagare shi. Ya tsaya yana haki, yana tunanin ashe ba ido kaɗai ya tafi ba. Don haushi ya sa farce ya kankare ɓawon icen. A ƙarƙashi kore ne shar, kuma wani farin ruwa kamar madara ya tsattsafo ya manne masa a yatsa.

A ƙasan benen akwai wani tela da kekensa ke bakin ƙofa, mutumin da ba a taɓa yi masa tambayar da bai san amsarta ba. Sai-Gobe ya nuna masa yatsan.

"Ta tsohuwar ɗakin lungu ce," in ji tela, allura a bakinsa. "Wadda ɗanta ya zo ya ɗauke ta shekarun baya. Mangwaro ne."

"Mangwaro na yin madara?"

"In ya tsufa."

Matar tela ta leƙo ta ce gwaiba ce. Uwargida kuwa, da aka tambaye ta, cewa ta yi icen hura wuta ne, kuma ko a nan ma bai kai ba.

Washegari ya tsinke ganye ɗaya ya sa a aljihu, ya taka zuwa wajen wata mata mai sayar da furanni a jikin katangar asibiti. Ya sha wucewa ta gabanta a mota, bai taɓa tsayawa ba. Mace ce mai jiki, da takalmin roba da malafa, ba ta da yawan magana. Ta karya ganyen, ta dubi madarar, ta shafa santsin bayansa.

"A kan reshen akwai wani ɗan tsini kamar ƙaya, kore?"

"Akwai."

"Akwai wasu zare-zare da ke saukowa daga jikinta?"

"Akwai, amma sun bushe."

"Ceɗiya ce, Baba. Dangin ɓaure."

Sai-Gobe ya san ceɗiya. Ya sha ajiye tirela da bodinta gaba ɗaya a inuwar guda, ya shimfiɗa tabarma, har wuri ya rage wa wani. Bai taɓa jin an sa ta a tukunya ba.

"Wa ke ba ta ruwa?" mai furanni ta tambaya.

"Ba kowa."

"To sata take yi. Je ka duba ƙarƙashin tukunyar."

Ya je ya duba. Ta ramin gindin tukunyar wata saiwa mai kaurin babban yatsa ta fito, ta shige tsagar siminti, ta miƙe sak zuwa banɗakin tela. Shi ya sa tukunyar ta ƙi motsi. Abu na farko da ya ji shi ne daɗi, don ashe ƙarfinsa na nan.

To, an daɗe ana wata rigima a gidan nan wadda Sai-Gobe bai san da ita ba, da yake ba ya nan. Bututun banɗakin tela kullum a toshe, tela kuma ya rantse cewa uwargida ce ke zuba ruwan wanke-wanke da sauran abinci daga sama. Har gaisuwa ta yi wuya tsakaninsu. Aka kira mai gyaran famfo, ya fasa simintin, ya zura hannu, ya yi ta ja, har ya zaro wani dunƙulen saiwoyi mai tsawon wutsiyar doki, baƙi ƙirin, yana ɗiga. Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

Uwargida ta sauko a hankali saboda gwiwarta. Ta harɗe hannuwa, ta dubi saiwoyin, ta dubi tela. Tela ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya gyara tef ɗin da ke wuyansa.

"Maman Auta, a yi haƙuri."

"Me ka ce? Kunnena ya toshe. Ko shi ma ni na zuba masa ruwan wanke-wanke?"

Tela ya ce a sare tsinanniyar a ƙone. Sai-Gobe ya ce a'a, shi zai hau da ita sama. Ba wanda ya tambaye shi dalili, ya kuwa gode Allah, don ba shi da shi.

Da ya yanke saiwar ya fasa tukunyar, sai ya ga babu ƙasa a ciki sam. Saiwa ce zalla, ta naɗe kanta zagaye-zagaye kamar igiyar ɗaurin kaya. Ya bi abin da mai furanni ta gaya masa. Ya warware saiwoyin da tsinke, ya rage masu kauri da waɗanda suka ruɓe, ya cire busassun rassa. Ya huda wani tsohon baho, ya zuba yashi mai tsakuwa da ƙasa kaɗan, ya dasa ta, ya ajiye a inuwar baranda. Ba taki, in ji ta, marar lafiya ba a cusa masa abinci.

Kafin mako ya zagayo, 'yan ganyayen da suka rage suka zube ƙaf. Ta zama sanda a cikin baho.

"Allah ya ji ƙanta," in ji uwargida.

Kowace safiya tela na ɗaga kai daga ƙasa ya ce, "Direba, ya mai jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi." Amma abin na cin sa. Duk tsawon shekarunsa a hanya ko akuya bai taɓa takewa ba. Ga wata aba da ta rayu shekara da shekaru ba mai kallonta, shi ya zo da taimakonsa ya ƙarasa ta. Ya koma wajen mai furanni.

"Ta zubar da ganye."

"Fushi take yi."

"In ƙara mata ruwa?"

"Ka ƙara, in kana son ta mutu da gaske. Ka tsoma yatsa a ƙasar. In da laima, ka koma ka zauna."

"Har yaushe?"

"Har ta huce."

Ya koma ya zauna. Ya kai kujera baranda, ya sa bahon a gaba, yana tsoma yatsa, yana gogewa a wando. Haka aka yi makonni. Wata rana uwargida ta zo wucewa da kwandon kaya, ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce, "Abar taka ta yi ƙuraje."

Ya goge tabarau, ya kai hanci har yana taɓa ɓawon. Ga su nan, 'yan ƙananan toho ja-ja a jikin kututturen, wajen da ya yi ta kallo bai gani ba. Ya daɗe a durƙushe. Sai daga baya ya tuna cewa mai wucewa da kwando a kai ba za ta hango abu kamar ƙwayar gero ba, sai dai in dama tana dubawa.

Autarsu ma'aikaciyar jinya ce, takan zo ranar da ba ta aiki. Ita ce ta ga ceɗiyar ta yi ganye, ta ce, "Baba, ai bonsai za ka yi da wannan."

"Bon me?"

Ta ciro waya ta nuna masa hotuna. Ya ga wata ƙatuwar bishiya, irin wadda ake cin kasuwa a gindinta, da kututture da rassa da saiwoyi a kwance a ƙasa. Sai ya lura da kofin shayi a gefenta, ya kusa kai rabin tsayinta.

"Me aka yi mata?"

"Ba komai. Ana dasa ta a tukunya marar zurfi, ana yi mata aski sama da ƙasa, ana lanƙwasa rassan da waya."

Ya juya wayar da ke hannunsa.

"Ba wannan ba, Baba. Ta ƙarfe."

Ya samo jar waya a wajen mai gyaran fanka, ya buɗe akwatin kayan gyaransa, ya ɗauko filaya. Ɗauri dai ya iya. Ya naɗe rassan tam, yadda ko an hau gargada ba za su motsa ba. Reshe ɗaya ya ce ƙaras a hannunsa. Wani kuma, bayan 'yan watanni, wayar ta nutse a jikinsa ta bar masa zane. Ya sa Auta ta ɗauki hoto, ya kai wa mai furanni.

"Baba, wannan ai lodin siminti ka yi," ta ce. "Ka sassauta. Nuna mata hanya za ka yi, ba kama ta za ka yi ba."

A hankali ya koya. Ya gane in ya tsinke kan reshe, biyu ke fitowa a bayansa. Ya gane in ya rage manyan ganye, waɗanda za su biyo baya ƙanana ne. Da ta yi ƙarfi ya sayo kasko a wajen masu tukwane, ya huda gindinsa, ya mayar da ita ciki, ya baza saiwoyin a saman ƙasa kamar yatsun hannu. Karkacewar da ta yi a bayan matattakala tana neman haske, ita ce ta zama kyanta. Zare-zaren nan suka sake saukowa, suka taɓa ƙasa, suka yi kauri.

Zaman baranda ya sa ya san abubuwan da bai sani ba. Ya san lokacin da rana ke zagayowa ta bar bangon. Ya san wace maƙwabciya ce ke dukan 'ya'yanta, wace ce ke yi musu barazana kawai. A nan ya gano uwargidansa na rera waƙa in tana guga, kuma muryarta ba laifi. Da ya gaya mata, sai ta ce tun kafin a haifi babban ɗansu take yi.

Ana nan, bayan kamar shekara uku, sai ɗan tsohuwar ɗakin lungu ya kawo wa tela ɗinki. Tela, wanda yanzu yake gaya wa mutane cewa shi ya fara gane ceɗiya ce, ya nuna masa baranda. Mutumin ya hau, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida su. Magidanci ne mai furfura a gemu, da ganinsa ka ga ma'aikacin ofis. Ya daɗe yana kallon kaskon.

"Baba, tun bara Iya ke tambayar bishiyarta. Kullum ce mata nake tana nan lafiya, ana ba ta ruwa. Wallahi na ɗauka ta mutu tuntuni. Ko za ka taimaka mu kai mata ta gani?"

Sai-Gobe ya miƙe. Ya ce bari ya shiga ciki. Uwargida ta bi shi.

"Tata ce," ta ce.

"Na sani."

"To sa riga."

Ya zauna a bayan mota da kaskon a cinya. Duk ramin da suka tunkara sai ya ce, "Rage." Ɗan tsohuwa ya rage, har masu keke suka riƙa wuce su.

Tsohuwar na kwance a gado kusa da taga, ta ƙanƙance, amma idonta tar. Aka ajiye kaskon a kan kujera a gabanta. Ta miƙa hannu ta shafa kututturen tun daga ƙasa, ta tsaya a kan wani tsohon tabo.

"Ita ce. Ga inda akuyar maƙwabta ta gatsa." Ta ɗago. "Wa ya yi mata haka?"

"Ni ne, Iya."

"Ba ka ba ta abinci ne?"

Ya yi mata bayani yadda ya iya: kasko, aski, waya, da cewa a wasu ƙasashe masu nisa abin ado ne. Ta saurara har ya gama.

"Wato da gangan."

"Da gangan, Iya."

Sannan ta ce reshe ne ta karyo daga ceɗiyar ƙofar gidan mahaifinta, lokacin da za ta bar gida. Mijinta ya ce ta sa a tukunya tukuna, in sun gina nasu sai a dasa a ƙasa. Suka yi ta yawo daga wannan haya zuwa waccan, tukunya na fashewa ana sake wata. Har ya rasu ba a gina ba.

"Ni inuwa nake so, ɗan nan. Wannan ko kaza ba za ta isa ba."

Sai-Gobe ya dubi taga. Gidan ɗan nata ne na kansa, kuma akwai fili a tsakar gida. Ya ce ai ceɗiya ba ta da wuya, reshe ɗaya in an kafa shi a ƙasa zai kama. Almakashinsa na aljihu, don yanzu ba ya fita sai da shi. Ya kama wani miƙaƙƙen reshe na baya, wanda dama yake da niyyar cirewa.

"Ba wannan ba," in ji tsohuwa. "Wancan."

Ta nuna na ƙasa, mai kauri, wanda ya shimfiɗu gefe kamar hannun mai miƙa gaisuwa. Shi ne ya fi cin lokacinsa, shi ne in baƙo ya zo yake fara nunawa. Ya dubi reshen, ya dubi tsohuwa. Ba ta ƙifta ba. Ya ce bisimilla, ya yanke.

Shi da kansa ya haƙa ramin a tsakiyar filin, bayan ya sa an nuna masa duk inda bututun gidan ya bi. Da ya dawo ɗakin yana kaɗe hannu, ya tsaya yana jiran hukunci a kan sauran.

"Ɗauki abarka ka tafi," ta ce. "Kai ka ɓata ta, kai za ka ji da ita."

Bai san lokacin da ya ce Allah ya ƙara lafiya har sau uku ba.

Reshen ya kama. Sai-Gobe ya riƙa zuwa dubawa, daga dubawa ya zama zama, tsohuwa tana ba shi labarin gidajen hayar da ta zauna da halin masu su, tana hana shi matsawa kusa da dashen in ta ga hannunsa ya nufi aljihu. Ceɗiyar ƙasa ba ta yi wasa ba. Kafin tsohuwa ta rasu, bishiyar ta wuce tsayin mutum, ta yi 'yar inuwa daidai kujera ɗaya. Da hantsi akan fito da tsohuwa ta zauna, inuwa na matsawa ana matsar da kujerar. Ta ce ba laifi, amma ta mahaifinta ta fi.

Ta kasko kuwa ta daɗe da giɓi a gefe ɗaya. Daga baya wani toho ya fito kusa da wurin, ya nufi inda ba a so, ana ta lallashinsa har yanzu. Hannun Sai-Gobe ya fara rawa saboda tsufa, don haka uwargida ce ke riƙe reshe yana naɗa waya, tana ce masa ya cika ƙarfi, yana ce mata ta matsa ta tare masa haske.

Kwanakin baya 'ya'yan suka haɗu a gidan, hira ta kai su kan ceɗiyar. Auta ta ce an ce irin wannan tana fin mai ita daɗewa a duniya, don haka ita za ta ɗauka, tunda ita ta kawo shawarar. Babban ya ce shi ne babba. Na biyun ya ce shi kaɗai ke da baranda. Murya ta fara tashi. Sai-Gobe na zaune a tsakiyarsu yana bin mai magana da ido, ba wanda ya tambaye shi.

"Ku bari mutumin ya mutu tukuna," in ji uwargida. "Ke Auta, miƙo min almakashin nan."